Littafin ƙaramin kan jirgin ƙasa da yaron da kullum yake cewa "ba zan iya ba"

"Assalamu alaikum Malama. Ɗana yana da shekara shida, yana aji ɗaya na firamare. Duk abin da aka sa shi, rubutu ne, ɗaure igiyar takalmi ne, ko hadda a Islamiyya, kafin ya taɓa sai ya ce ba zai iya ba, in an matsa masa ya fashe da kuka. Ƙanwata da ke karatu a Amurka ta aiko masa da wani littafi mai hotuna, The Little Engine That Could, ta ce can da shi yara suke tasowa, kuma yana sa yaro ya yarda da kansa. Babansa bai saki jiki da littafin ba, yana ganin a koya wa yaro 'zan iya, zan iya' babu in sha Allah, hanyar girman kai ce. Shin littafin zai amfane shi? Maganar babansa kuma fa?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya raya mana shi. Tambayarki biyu ce a haɗe: ko labari zai iya cire wa yaro tsoron gwada abu, da kuma ko wannan labarin ya dace da tarbiyyar gidanku. Na daɗe ina koyar da yaran ƙananan azuzuwa, kuma na sha karanta musu wannan littafi, don haka zan faɗa miki ra'ayina tun da farko. Ki karanta masa, littafi ne mai kyau, kuma babu girman kai a cikinsa. Amma shi kaɗai ba zai raba ɗanki da "ba zan iya ba" ba. Abin da zai raba shi da ita yana hannunku ke da babansa da malamansa, littafin taimako ne kawai.

Asalin littafin

An buga shi a 1930, a kamfanin ɗab'i na Platt & Munk da ke New York. Sunan da ke bangon, Watty Piper, sunan aro ne na Arnold Munk, ɗaya daga cikin masu kamfanin, wanda aka haifa a Hungary. Ba shi ya ƙirƙiri labarin ba. Tun 1906 wani limamin coci mai suna Charles Wing ya kawo shi cikin wa'azinsa, jarida ta buga, daga baya irin su Mary Jacobs da malamar makaranta Mabel Bragg suka sake rubuta shi, kowa da nasa salon. Wato labari ne da ya yi yawo a bakin masu wa'azi da malaman makaranta kafin ya zauna a littafi, shi ya sa in an karanta shi da murya yake da daɗin ji. Lois Lenski ce ta zana hotunan bugun farko, amma wanda aka fi sani shi ne na 1954, mai zanen George da Doris Hauman. Maganar ƙanwarki gaskiya ce: shirin raba wa yara littattafai kyauta da mawaƙiyar nan Dolly Parton ta kafa a jihar Tennessee a 1995, wanda yake aika wa yaro littafi ɗaya kowane wata tun daga haihuwa har ya cika shekara biyar, da wannan littafin yake fara wa yaran Amurka.

Labarin kansa gajere ne. Wani jirgin ƙasa ya ɗauko kayan wasa da abinci, lemo da tuffa da madara da alayyafo da alawa, zai kai wa yaran da ke bayan wani dutse. Kafin ya hau dutsen sai kan jirgin ya lalace, ya tsaya cik. 'Yan tsana da sauran kayan wasan suka sauko suna tsayar da duk wanda ya zo wucewa. Na farko sabon kan jirgi ne mai walƙiya, ya ce shi fasinjoji yake ja, masu taragon kwana da na cin abinci, ba zai ja irinsu ba. Na biyu ƙato ne mai ƙarfi, ya ce shi manyan injinan buga littattafai da jaridu yake ɗauka, shi ma ya wuce. Na uku tsoho ne, duk ya yi tsatsa, ya ce ya gaji, ya tafi yana cewa ba zai iya ba. Sai ga wata 'yar ƙarama shuɗiya (a littafin mace ce, waɗancan ukun kuwa maza). Ta gaya musu gaskiya cewa ita ba babba ba ce, aikinta jera taragu a tasha kawai, ba ta taɓa haye dutsen ba. Amma ta ga hawaye a idon 'yan tsanan, ta tuna yaran da ke jira, sai ta ɗaura taragun a bayanta ta fara ja, tana cewa "ina jin zan iya, ina jin zan iya", har ta kai ƙololuwa, ta gangara tana cewa da ma ta ji za ta iya.

Maganar babansa

Damuwarsa ta uba mai kula ce, kuma ina girmama ta. Allah Ya hore mu a Suratul Kahfi, aya ta 23 da ta 24, kada mu ce za mu aikata abu gobe ba tare da mun jingina shi ga nufinSa ba. Ina so dai ki ba shi littafin ya duba da kansa, ya ga su wane ne masu girman kai a ciki. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fassara girman kai da ƙin gaskiya da raina mutane. To ai wannan shi ne halin kan jirgi na farko da na biyu, masu ƙarfi da kyau, waɗanda suka raina kayan yara suka wuce. 'Yar shuɗiyar nan kuwa ta faɗi kasawarta da bakinta, kuma ko da ta ɗauki aikin ba ta bugi ƙirji ba, cewa ta yi tana jin za ta iya. Abin da ya motsa ta ma tausayi ne. Wannan shi ne ɓangaren da mutane suka fi mantawa da shi, suna riƙe amshin kawai su bar dalilinsa, alhali a ganina shi ne zuciyar labarin: ƙarami ya ga mabuƙaci, bai da tabbacin ƙarfinsa, amma ya sa kafaɗa.

Akwai kuma wani hadisin na Muslim, daga Abu Huraira, da ya ce ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya. Kuma cikin addu'o'in Annabi akwai neman tsari daga gajiyawa da kasala. Yaron da ya saba cewa "ba zan iya ba" kafin ya gwada, wannan gajiyawar ce take neman kama shi. Ni a aji nakan karanta amshin yadda yake, sai in tambayi yaran, mu in za mu fara abu mai wuya me muke cewa? Su da kansu suke amsawa da bismillah da in sha Allah. Daga nan sai mu mayar da amshin "da yardar Allah zan iya", kuma yana hawa kan kiɗan jirgin daidai. Babu abin da ya hana ku yin haka a gida, in so samu ne ma babansa ya zama mai karanta masa. Ni malamar yara ce, in yana son ƙarin bayani ta fuskar hukunci, malaman addini ne masu wannan fage.

Me ya sa yake cewa ba zai iya ba?

A nan nake so mu daɗe, don nan ne ainihin matsalar. Yaro ɗan shekara shida ba ya zama ya auna ƙarfinsa ya yanke hukunci. Sau da yawa in ya ce "ba zan iya ba", abin da yake nufi shi ne "ina tsoron abin da zai biyo baya in na kasa". Ki lura da abin da ke faruwa a lokacin da ya yi kuskure. Tsawa ake yi masa? A makaranta ana dukansa a kan rubutu? Yayyensa suna yi masa dariya? Ana ce masa "dubi wane, ƙaninka ne amma ya fi ka"? Yaron da kuskure yake jawo masa bulala ko kunya, ya gano cewa ƙin farawa ya fi sauƙi, kuma a lissafinsa na yaro bai yi wauta ba.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan ɓuya, domin daga so yake fitowa. Ana sauri za a makara, yaro yana fama da maɓallin riga, uwa ta ce "kawo nan" ta ɓalla masa. Ya ɗauki fensir yana jan layi a karkace, yayarsa ta karɓa ta rubuta masa aikin gida don a huta. Kowace "kawo nan" tana gaya masa cewa hannunsa bai isa ba. Na ga yara da yawa 'yan gata, waɗanda ba a taɓa ɗaga musu hannu ba, amma sun fi kowa saurin karaya a aji, saboda ba a taɓa barinsu sun sha wuyar abu har sun ga bayansa ba.

Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya yi bayani a 1977 a kan inda mutum yake samo yarda cewa zai iya wani aiki. Ya ce mafi ƙarfin tushe shi ne ya taɓa yin abin da kansa ya yi nasara. Sai ganin wani irinsa ya yi. Ƙarfafa gwiwa da baki tana bayan waɗannan, haka ma yanayin jiki, ko gaba na faɗuwa ko hankali a kwance yake. Ki ɗora littafin nan a kan wannan ma'auni, za ki ga inda ya faɗa: magana ce ta baki, da ɗan misali na kallo. Yana da amfani, sai dai ba shi ne babban tushen ba. Akwai ma wani bincike da aka yi a Jami'ar Toronto a 2017 da yara 'yan shekara huɗu zuwa shida. An karanta wa wasu labari a kan yin kyauta wanda jarumansa mutane ne, wasu kuma labarin iri ɗaya amma jaruman dabbobi ne masu magana. Waɗanda suka ji na mutane ne kyautarsu ta ƙaru. Binciken a kan kyauta ne, amma darasinsa ya shafe mu: yaro ba lallai ya ɗauki halin jirgi mai ido da baki ya ɗora wa kansa ba, sai babba ya haɗa masa labarin da rayuwarsa.

Abin da ya fi jirgin tasiri a kansa ke ce. A 2017 Julia Leonard da abokan aikinta a jami'ar MIT da ke Amurka sun gwada jarirai 'yan kimanin wata goma sha biyar. Wasu sun kalli babba yana fama da buɗe wani abu na ɗan lokaci kafin ya samu, wasu kuma sun ga ya buɗe nan take ba wahala. Da aka ba jariran wani abin wasa mai wuyar kunnawa, waɗanda suka ga babba ya sha fama sun fi naciya, sun danna maɓallin kusan ninki biyu. Mu manya mun saba ɓoye wa yara wahalarmu, su dai su ga tuwo ya tuƙu, ɗinki ya fito. Ki bari ya gan ki kina ƙoƙarin zura zare a allura ya ƙi shiga, ki ce da murya "kai, ya ƙi, bari in sake", ki sake har ya shiga. Babansa ma ya bari ya gan shi yana maimaita ayar da take kufce masa.

Yadda za ki karanta masa

Kada ki tsaya fassara Turancin kalma bayan kalma. Ki karanta ke kaɗai tukuna, sa'an nan ki buɗe hotunan ki ba shi labarin da Hausa kamar tatsuniya. Ginin labarin ma ba baƙo ba ne a kunnensa: manya uku sun ƙi, auta ya yi, ga amshi da ake maimaitawa kamar waƙar da ke tsakiyar tatsuniya. Amshin an tsara shi ne ya kwaikwayi numfashin jirgi mai aiki da tururi, irin wanda ya fara isa Kano a 1911, wanda yaran yanzu ba su taɓa gani ba. Ki nuna masa murfin tukunya yana rawa in ruwa ya tafasa, ki ce irin wannan ƙarfin ne yake juya ƙafafun jirgin. Wajen hawan dutse ki ja amshin a hankali, da nishi, kamar mai ɗauke da kaya, ki riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan. Wajen gangara ki sake shi da gudu. A ajina yaran sukan yi layi, kowa ya riƙe rigar na gabansa, su zagaya suna faɗa, kuma nakan sa wanda ya fi kowa jin kunya a gaba ya zama kan jirgi.

Ki riƙa tsayawa kina tambayarsa. Me ya sa wannan ya ƙi taimako? Da kai ne 'yar shuɗiyar nan, gabanka zai faɗi? Wane abu ne yake yi maka kamar dutse? Tambaya ta ƙarshen nan ita ce mai tsada, kuma wataƙila ba zai amsa a karon farko ba. Kada ki matsa. Zai nemi a maimaita masa littafin har ki gaji, wata rana amsar za ta fito da kanta.

Wurin tsohon kan jirgin yana buƙatar kulawa. Littafin ya jera shi tare da masu girman kai kamar laifinsu ɗaya, kuma a nan ban yarda da shi ba. Tsohon bai raina kowa ba, ƙarfinsa ne ya ƙare. Nakan gaya wa yara cewa shi ya yi nasa aikin shekara da shekaru, yanzu hutu ya kamace shi, kuma wani lokaci "ba zan iya ba" gaskiya ce, ba abin kunya ba ce. Wannan yana da muhimmanci, domin hatsarin littafin ke nan: yaro ya fahimci cewa duk wanda ya kasa, rashin yarda da kai ne ya kayar da shi. Ranar da ya faɗi amshin da zuciya ɗaya, ya gwada, abin kuma ya ƙi, sai ya ɗora wa kansa laifi biyu. Ki kuma nuna masa cewa 'yan tsanan nan sun roƙi taimako sau uku ana ƙi, ba su fasa tsayar da na huɗu ba. Naciyarsu ba ta gaza ta jirgin ba, kuma neman taimako abu ne da yaro mai saurin karaya yake buƙatar ya koya.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada littafin ya zama bulala. In yana kuka a kan aikin gida aka ce masa "ka manta jirgin nan? Ka ce zan iya mana!", an mayar da abin da yake so abin gori, kuma zai tsani littafin.

Aikin da ke bayan labarin

Tunda nasarar da ya yi da hannunsa ita ce babban tushe, aikinki shi ne ki yanka masa dutsen ƙanana-ƙanana yadda zai riƙa hayewa. Tsarin makarantar allo ya daɗe da gane wannan: a rubuta wa yaro ɗan kaɗan, a biya masa, ya riƙe, ya wanke, sa'an nan a ƙara. In hadda tana sa shi kuka, mai yiwuwa abin da ake ɗora masa ya yi yawa ne a lokaci guda. Ki yi magana da malaminsa a rage, aya ɗaya da ya riƙe da kyau ta fi biyar da ake tsorata shi a kansu.

Igiyar takalmi kuwa, ki fara masa daga ƙarshe. Ki yi duk ɗaurin, ki bar masa jan kunnuwan biyu na ƙarshe ya ƙulle. Shi ya gama, takalmi ya ɗauru a hannunsa. In ya saba, ki bar masa matakin da ke kafin wannan, haka har ya koma farko. Kuma ku yi wannan da yamma ko ranar da babu makaranta, lokacin da ba a sauri. Na taɓa samun wata yarinya da ko fensir ba ta yarda ta riƙe, da an miƙa mata sai ta ɓoye hannu a cikin hijabi. Na zuba yashi a faranti na ce ta zana mini da'ira da yatsa, in ba ta yi kyau ba mu girgiza farantin ta ɓace. Abin da ya sake ta ke nan, ganin cewa kuskuren ba ya zama, babu jan biro a kansa. Ta yi ta zana tana sharewa tana dariya, daga yashi muka koma alli, daga alli muka zo takarda.

Ki kula da irin yabon da kike yi masa. Claudia Mueller da Carol Dweck sun yi wani gwaji a 1998 da yaran aji biyar. Bayan an ba su aiki sun yi, an yaba wa wasu da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu kuma da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka kawo aiki mai wuya suka kasa, waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa sun fi saurin sarewa, kuma sun fi son a ba su mai sauƙi don kada sunan ya zube. Binciken da aka yi daga baya a kan ɗalibai masu yawa ya nuna tasirin irin wannan bai kai yadda aka yi ta yayatawa ba, don haka kada ki ɗauke shi kamar sha yanzu magani yanzu. Amma abin da nake gani a aji ya yi daidai da shi. "Kai gwani ne" ba ta gaya wa yaro abin da zai maimaita gobe. "Na ga baƙin nan ya karkace, ka goge ka sake har ya miƙe" ta gaya masa. In kuma ya ce ba zai iya ba, kada ki yi gardama da shi ki ce "za ka iya mana". Ki ce "e, da wuya, wane ɓangare ne ya fi ba ka wuya?" Sau da yawa sai ki tarar abu ɗaya ne ƙarami ya tsaya masa, shi kuma yake ganin duka aikin ne.

Ban ga ɗanki ba, kuma daga wasiƙa ba a gane komai da komai. In kin yi waɗannan na wata biyu ko uku babu canji, musamman in rubutu da karatu ne kaɗai suke sa shi kuka alhali a wasa da sauran hidima yana da kuzari, to a duba lafiyarsa. Ki lura ko yana matso da littafi kusa da fuska, ko yana runtse ido in yana kallon allo, ko sai an maimaita masa magana kafin ya ji. Akwai yaran da ake kira malalata shekara da shekaru, ashe tabarau kawai suke buƙata. Ƙarancin jini, rashin isasshen barci da zuwa makaranta ba karin kumallo duk suna rage wa yaro juriya. Akwai kuma masu wahalar gane baƙaƙe ta musamman duk da kaifin basirarsu, waɗannan koyarwa ta daban suke buƙata, kuma likitan yara ko malamin da ya karanci ilimin masu buƙata ta musamman ne zai tantance. Kafin nan ki je makarantar da kanki, ki zauna da malamar ajinsa, ki tambaye ta a ina yake zama, me ake yi masa in ya yi kuskure, kuma a wane darasi ne take ganin fuskarsa a sake.